BABI NA UKU: TALLAFIN SAKE HORAR DA MAHAƘAN KWAL DON AYYUKAN MAKAMASHI MAI SABUNTUWA A YANKIN AFALASHIYA

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ma'anar makamashi da rabe-rabensa, inda aka nuna bambancin da ke tsakanin makamashin da ake tonowa daga ƙarƙashin ƙasa, kamar kwal da man fetur da iskar gas, waɗanda in an ƙona su sun tafi ke nan, da kuma makamashi mai sabuntuwa, wato wanda ake samu daga hasken rana da iska da ruwa. A wannan babi kuwa za a dubi mutanen da wannan sauyi ya rutsa da su, wato ma'aikatan da abincinsu ya rataya a kan tsohon makamashi, da irin tallafin da hukumomi suka ware don a koya musu sabuwar sana'a. An zaɓi yankin Afalashiya na ƙasar Amurka ne a matsayin abin misali, saboda a can an daɗe ana gwada wannan tallafi, har an samu abin da za a auna nasararsa da shi.

Kafin a shiga cikin bayani, ya kamata a fayyace kalmomi biyu. Abin da ake nufi da tallafi a nan shi ne kuɗin da hukuma ke bayarwa don a gudanar da wani aiki ayyananne, ba tare da an ce a maido da shi ba. Ke nan ya bambanta da rance, ya kuma bambanta da kuɗin sallama ko fansho, waɗanda haƙƙi ne na ma'aikaci a kan wanda ya yi wa aiki. Shi kuwa ma'aikacin da ake magana a kansa, ba wanda aka kora saboda laifi ko lalaci ba ne. Mutum ne wanda aikin da ya iya ya mutu ya bar shi da ransa da ƙarfinsa da iyalinsa.

3.1 Yankin Afalashiya da Durƙushewar Sana'ar Kwal

Afalashiya yanki ne mai duwatsu da kwazazzabai a gabashin Amurka. A bisa iyakar da hukuma ta shata masa, ya taso ne daga kudancin jihar Niyok ya dangana da arewacin jihar Misisifi, ya ratsa jihohi 13 da gundumomi 423. Jihar Bajiniya ta Yamma ce kaɗai ta faɗa cikinsa gaba ɗayanta. Ita da gabashin jihar Kentaki da wani sashe na Fensilfaniya su ne cibiyar haƙar kwal tun ƙarshen ƙarni na 19.

A shekarar 1923 mahaƙan kwal a Amurka sun haura 800,000. Zuwa 1985 sun ragu zuwa wajen 170,000, a 2012 suna wajen 90,000, a 2016 kuwa sun dawo wajen 50,000. Idan aka dubi waɗannan alƙaluma da kyau za a ga cewa mafi yawan ayyukan sun salwanta tun kafin a fara maganar farantan sola da fankokin iska. Abin da ya fara cinye su shi ne injina. Injin da ke kankare kwal a cikin rami yana yin aikin da a da sai an tara mutane da yawa da diga da shebur. Daga baya kuma aka buɗe manyan mahaƙai a jihar Wayomin da ke yamma, inda kwal ke kusa da doron ƙasa, ba sai an shiga rami ba. Dokar tsabtace iska da aka yi wa gyara a 1990 ta ƙara wa kwal ɗin Wayomin farin jini, domin sinadarin farar wuta da ke cikinsa bai kai na mahaƙai da yawa na gabas ba. Wannan ya sa yawan kwal da ake haƙowa ya ci gaba da hauhawa har ya kai ƙololuwarsa a 2008, fiye da tan biliyan ɗaya, alhali kuwa yawan ma'aikata raguwa yake yi.

Bugu na biyu ya zo ne daga iskar gas. Da aka gano dabarar fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa da ruwa mai ƙarfi don fito da gas, sai farashinsa ya faɗi, tashoshin lantarki suka riƙa juya wa kwal baya. A 2005 kusan rabin lantarkin Amurka daga kwal ake samunsa, amma a 2016 gas ya sha gabansa, a 2023 kuwa kason kwal ya dawo wajen 16 cikin ɗari. Tsakanin watan Agustan 2015 da Afrilun 2016 manyan kamfanonin kwal uku, wato Alpha Natural Resources da Arch Coal da Peabody, duk sun garzaya kotu neman kariya saboda karayar jari. Sai a bayan wannan ne hasken rana da iska suka yi arahar da suka shiga sahun masu ture kwal daga kasuwa.

Illar abin ba ta tsaya a kan mahaƙi kaɗai ba. A irin waɗannan garuruwa mahaƙa ita ce uwa ma ba da mama. Direban babbar mota da makaniki da mai kanti da mai sayar da abinci duk a jikinta suke ci, haka kuma harajin kwal ne ke riƙe da makarantu da hanyoyin gunduma. Gundumar Makdowel ta Bajiniya ta Yamma tana da mutane kusan 100,000 a ƙidayar 1950, amma a ƙidayar 2020 ba su cika 20,000 ba. Duk wanda ya san yadda unguwar Kakuri ta koma bayan rufe masaƙun Kaduna ba zai sha wahalar fahimtar wannan hali ba. A 2019, da kamfanin Blackjewel ya karye ba zato ba tsammani, cekin albashin ma'aikatansa ya ƙi fita a banki, sai mahaƙan gundumar Halan ta Kentaki suka zauna a kan layin dogo suka tare jirgin da ke ɗauke da kwal ɗin da suka haƙo, suka shafe kusan wata biyu a wurin.

3.2 Hanyoyin da Tallafin ke Bi

Tunanin tallafa wa mahaƙan da doka ko kasuwa ta raba da aikinsu ba sabo ba ne. Lokacin da ake muhawara a kan dokar tsabtace iska ta 1990, Sanata Robert Byrd na Bajiniya ta Yamma ya kawo ƙudurin a ware wa mahaƙan da za su rasa aiki kuɗi na musamman, amma aka kayar da shi a majalisar dattawa da ratar ƙuri'a ɗaya tak. Shiri mafi shahara a wannan fage shi ne wanda ake kira POWER, wanda gwamnatin Shugaba Barack Obama ta ƙaddamar a 2015. A rabon farko, cikin watan Oktoba na shekarar, an ba da dala miliyan 14.5. Daga 2016 majalisa ta fara ware wa Hukumar Raya Yankin Afalashiya, wadda aka kafa tun 1965, dala miliyan 50 a shekara don wannan shiri. Shirin ya ci gaba a zangon farko na mulkin Shugaba Donald Trump da kuma zamanin Shugaba Joe Biden, har abin da hukumar ta raba a ƙarƙashinsa ya haura dala miliyan 400 zuwa 2024.

Wani abu da ya kamata a lura da shi shi ne, ba mahaƙin ake damƙa wa kuɗin a hannu ba. Masu neman tallafin su ne ƙananan hukumomi da kwalejojin koyon sana'a da ƙungiyoyin sa-kai, kuma gasa ake yi. Kowa zai rubuto takardar neman tallafi, ya faɗi abin da zai yi da mutum nawa zai horar da ayyuka nawa yake sa ran za su samu, sannan a zaɓi waɗanda suka fi gamsarwa. Haka kuma hukumar ba ta biyan kuɗin aiki gaba ɗaya. Ta kasa gundumomi gida-gida bisa ga yawan talauci da rashin aikin yi da abin da mutum ke samu. A gundumar da ta fi shiga ƙunci hukumar kan ɗauki har kashi 80 cikin ɗari na kuɗin, a ta tsaka-tsaki kuma kashi 50, sauran kuwa mai nema ne zai nemo shi. Hikimar hakan ita ce kada mutane su ɗauki aikin tamkar kayan gwamnati da ba mai shi. Sai dai kuma akwai wani gefen. Gundumar da harajinta ya ƙafe, wadda ba ta da ko jami'i ɗaya da ya ƙware a rubuta irin waɗannan takardu, ita ce ta fi bukatar tallafin, ita ce kuma ta fi wahalar cin gasar.

Hanya ta biyu ta biyo ta Ma'aikatar Ƙwadago ce. A ƙarƙashin dokar horar da ma'aikata ta 2014, idan aka sallami mutane da yawa a lokaci guda, jiha kan nemi tallafin gaggawa. Da wannan kuɗi cibiyoyin neman aiki ke biya wa mutum kuɗin kwas ɗin da ya zaɓa daga jerin waɗanda aka amince da su, wani lokaci har da kuɗin mota da kayan aiki. A gabashin Kentaki an gudanar da irin wannan shiri tun daga 2013, kuma an haɗa har da matan mahaƙan, domin sau da yawa idan maigida ya rasa aiki, uwargida ce ke fita neman abin da za a rufa asiri. Ɗaya daga cikin kwasa-kwasan da suka karɓu a wajen mahaƙan shi ne na hawa turakun lantarki da ja da gyaran wayoyi, wanda kwalejin garin Hazad ke bayarwa. Dalili kuwa a fili yake: kwas ne gajere, aikin ƙarfi ne da haɗari irin wanda suka saba, albashinsa kuma ba ya kunyata magidanci.

Hanya ta uku ba tallafin horo ba ce kai tsaye, rangwamen haraji ne. Dokar da Shugaba Biden ya sa wa hannu ranar 16 ga Agustan 2022, wadda sai da Sanata Joe Manchin na Bajiniya ta Yamma ya amince sannan ta wuce, ta tanadi cewa kamfanin da ya gina tashar sola ko ta iska zai samu rangwamen kashi 30 cikin ɗari na jarin da ya zuba, da sharaɗin ya biya albashi daidai da wanda aka saba biya a yankin, ya kuma ɗauki masu koyon sana'a su yi wani kaso na aikin. In bai cika sharaɗin ba, kashi 6 kawai zai samu. Idan kuma ya kafa tashar a wurin da aka rufe mahaƙar kwal bayan 1999, ko tashar lantarki mai ƙona kwal bayan 2009, za a ƙara masa kashi 10. Manufar ita ce a jawo aikin ya zo inda mutanen suke.

3.3 Misalan Yadda Aka Yi Amfani da Tallafin

Misalin da aka fi ambato shi ne na ƙungiyar Coalfield Development, wadda Brandon Dennison ya kafa a 2010 a gundumar Wen ta Bajiniya ta Yamma. Tsarinta shi ne 33-6-3. A kowane mako mai koyo zai yi awa 33 yana aikin da ake biyansa albashi, awa 6 yana karatu a kwaleji, awa 3 kuma ana tattaunawa da shi a kan al'amuran rayuwa, kamar tattalin kuɗi da lafiya da zamantakewa. Yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku a haka, ya fita da takardar shaidar kwaleji da ƙwarewar hannu. Idan aka lura, wannan tsari ya yi kama da yadda ake koyon sana'a a ƙasar Hausa, inda yaro ke zama a shagon maigida yana koyo yana kuma samun na kashewa, har ranar da za a yaye shi. Abin da ya sa tsarin ya yi armashi shi ne ya magance babbar matsalar magidanci, wato me iyali za su ci a watannin da yake aji.

Ƙungiyar ta haɗa hannu da kamfanin Solar Holler, wanda Dan Conant ya kafa a 2013, don horar da masu kafa farantan sola a kan rufin gidaje da makarantu da wuraren ibada. A 2022 wata gamayyar ƙungiyoyi da jami'o'i da birane da Coalfield Development ke jagoranta ta ci tallafin dala miliyan 62.8 daga Hukumar Bunƙasa Tattalin Arziki ta tarayya, don ayyukan da suka haɗa da sola da gyaran tsofaffin gine-gine da farfaɗo da filayen da haƙar kwal ta lalata. Amma ya kamata a faɗi cewa da yawa daga cikin waɗanda ke shiga irin wannan shiri ba tsofaffin mahaƙa ba ne. Matasa ne waɗanda da a zamanin iyayensu ne da rami za su shiga, da kuma waɗanda suka fito daga gidan yari ko suke farfaɗowa daga shaye-shaye. Wannan ba aibu ba ne, sai dai yana nuna cewa sunan shiri daban, waɗanda suke cin moriyarsa daban.

A gundumar Matin ta Kentaki, inda Shugaba Lyndon Johnson ya kai ziyara a 1964 lokacin da yake shelar yaƙi da talauci, an gina tashar sola mai ƙarfin megawat 111 a kan filin wata tsohuwar mahaƙa, kamfanin Toyota kuma ya ƙulla yarjejeniyar sayen lantarkin. Irin wannan fili yana da amfani biyu: an riga an baje shi, kuma akwai manyan wayoyin lantarki a kusa. A garin Wiyaton na Bajiniya ta Yamma kuma kamfanin Form Energy ya fara gina masana'antar batura a 2023, a harabar tsohon kamfanin ƙarfe, da alƙawarin ɗaukar mutum 750. A Wayomin ma reshen kamfanin Goldwind na ƙasar Sin ya yi tayin horar da mahaƙa kyauta a 2017 su zama masu gyaran fankokin iska.

3.4 Matsalolin da Suka Dabaibaye Shirin

A 2016 wasu masana biyu, Edward Louie da Joshua Pearce, sun yi lissafin cewa kuɗin da za a kashe a sake horar da dukkan ma'aikatan kwal na Amurka don ayyukan sola zai kama daga dala miliyan 180 zuwa biliyan 1.8. A ma'aunin kasafin kuɗin Amurka wannan ba wani abin a zo a gani ba ne. Hujjarsu kuwa tana da ƙarfi, domin mahaƙin zamani ba lebura ba ne kawai. A cikin rami akwai masu aikin lantarki da masu walda da makanikai da direbobin manyan injina, kuma duk sun saba da dokokin kiyaye haɗari. Mutumin da ya shekara 15 yana gyaran wayoyi masu ƙarfin wuta a cikin duhun rami, haɗa farantan sola ba zai gagare shi ba. To, idan kuɗin horo kaɗan ne, ƙwarewar kuma tana nan, me ya hana mahaƙan kwarara zuwa sabon aikin?

Amsa ta farko ita ce wuri. Wani nazari da Junghyun Lim da Michaël Aklin da Morgan Frank suka fitar a 2023 ya nuna cewa ƙwarewar ma'aikatan tsohon makamashi ta yi daidai da abin da sabbin ayyukan ke bukata, amma ayyukan ba a garuruwansu suke ba. Wani nazarin na shekarar, wanda ya bi diddigin sauye-sauyen aiki miliyan 300, ya gano cewa a cikin waɗanda suka bar ayyuka masu gurɓata yanayi, waɗanda suka koma ayyukan makamashi mai tsabta ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Manyan tashoshin sola suna Kalifoniya da Tekzas da Fulorida, na iska kuma suna Tekzas da Ayowa da Oklahoma, inda fili yake shimfiɗe. Mahaƙin Afalashiya kuwa yana zaune a gidan da ya gada, kusa da kabarin kakanninsa, gidan da in ya sa a kasuwa ba zai samu kuɗin da zai sayi rabinsa a wani gari ba. Daɗin daɗawa, dokokin jihar kansu sun daɗe ba su ba sola fuska ba. A 2015, shekarar da aka ƙaddamar da POWER, majalisar Bajiniya ta Yamma ta soke dokar da ta wajabta wa kamfanonin lantarki samar da wani kaso na wutarsu daga wasu hanyoyi na daban. Sai a 2021 jihar ta halatta wa kamfani ya kafa wa makaranta ko coci farantan sola ya riƙa sayar mata da wutar. Har a 2023 fiye da kashi 80 cikin ɗari na lantarkin da jihar ke samarwa daga kwal yake. Ke nan gwamnatin tarayya tana biyan kuɗin horo, gwamnatin jiha kuma tana riƙe da ƙofar da masu horon za su shiga.

Amsa ta biyu ita ce albashi. Ƙwararren mahaƙi, idan aka haɗa da kuɗin ƙarin lokaci, yakan tashi da dala 80,000 ko fiye a shekara, ba tare da ya taɓa shiga jami'a ba. Alƙaluman Ma'aikatar Ƙwadago na 2023 kuwa sun nuna matsakaicin albashin mai kafa farantan sola dala 48,800 ne, na mai gyaran fankokin iska kuma dala 61,770. Ban da wannan, yawancin aikin tashar sola na lokacin gini ne. Ana ɗaukar ɗaruruwan mutane na shekara ɗaya ko biyu, da an gama kuwa mutane ƙalilan ne ke zama suna kula da ita, alhali mahaƙa ɗaya kan riƙe ɗaruruwan mutane shekara da shekaru. Saboda haka mahaƙin da ya ƙi shiga aji ba lallai ne a ce taurin kai ne ko jahilci ba. Lissafi ya yi, kamar yadda kowane magidanci zai yi.

Siyasa ma ta taka rawa. A watan Maris na 2016 'yar takarar shugabancin ƙasa Hillary Clinton ta yi wata magana a jihar Ohayo da aka fahimta da cewa za ta raba mahaƙa da aikinsu, duk da cewa tana da shirin kashe dala biliyan 30 a yankunan kwal. Abokin takararta Donald Trump kuwa ya yi alƙawarin maido da sana'ar, ya kuma lashe Bajiniya ta Yamma da fiye da kashi biyu cikin uku na ƙuri'u. A 2017 an ba da rahoton cewa a kudu maso yammacin Fensilfaniya azuzuwan horo sun kasa cika, domin mahaƙa na jiran a sake kiransu rami.  Yawan mahaƙa a ƙarshen wannan zango na mulki bai kai yadda yake a farkonsa ba. Ita kanta ƙungiyar ƙwadagon mahaƙa, a ƙarƙashin shugabanta na lokacin Cecil Roberts, ta fito a watan Afrilun 2021 ta ce za ta amince da sauyin, muddin za a samar wa 'ya'yanta ayyuka masu albashi mai kyau a yankunansu, a kuma cike musu giɓin albashi da fansho da kuɗin magani.

Wannan bukata ta ƙungiyar ita ce ta fito da babban giɓin da ke cikin tsarin Amurka, musamman idan aka kwatanta shi da na wasu ƙasashen Turai. Jamus tana da mahaƙan baƙin kwal wajen 600,000 a 1957, ba ta kuma rufe mahaƙarta ta ƙarshe ba sai a watan Disambar 2018, a garin Botrof na yankin Ruhur. Wato ta ɗauki shekara 60 tana rage su sannu a hankali. Mahaƙin da ke aiki a cikin rami yana iya ajiye aiki yana ɗan shekara 50, hukuma ta riƙa biyansa har ya kai ga fansho. Matasa ne aka fi mayar da hankali wajen sake horar da su, aka kuma kafa jami'o'i a yankin, kamar ta Bokum da aka buɗe a 1965. A 2020 ƙasar ta sake yin dokar daina amfani da kwal zuwa 2038, ta ware har yuro biliyan 40 don yankunan da abin zai shafa. Sifen ma a watan Oktoban 2018 ta ƙulla yarjejeniya ta yuro miliyan 250 da ƙungiyoyin mahaƙa, inda waɗanda suka kai shekara 48 za su iya yin ritaya, matasa kuma a ba su horo da aikin gyaran filayen da aka haƙe. A waɗannan ƙasashe an san ranar rufe mahaƙa tun da nisa, an kuma zauna da ma'aikata kafin ranar. A Afalashiya kuwa sau da yawa sai an rufe sannan ake fara rubuta takardar neman tallafi, kafin kuɗin su fito an shafe watanni, mutane sun watse.

A ganin mai wannan nazari, ba adalci ba ne a tura ɗan shekara 55 aji, mutumin da ƙurar kwal ta riga ta taɓa masa huhu, a ce ya koyi hawa rufi ko hasumiyar fanka mai tsawon mita 80. Abin da ya dace da irinsa shi ne a tabbatar masa da fansho da magani. A nan majalisar Amurka ta yi abin a yaba a watan Disambar 2019, da ta ceto asusun fanshon mahaƙa wanda karayar kamfanoni ta kusa durƙusarwa, haka kuma dokar 2022 ta dawwamar da harajin dala 1.10 a kan kowane tan na kwal ɗin rami, wanda da shi ake biyan masu ciwon baƙin huhu. Aikin da ya fi kusa da hannun mahaƙi mai sauran ƙarfi kuma shi ne gyaran tsofaffin mahaƙai da aka yi watsi da su, wanda dokar gine-gine ta 2021 ta ware wa dala biliyan 11.3 na tsawon shekara 15. Injinan da zai tuƙa su ne waɗanda ya saba da su, filin kuma yana bayan gidansa.

Matsala ta ƙarshe ita ce rashin ɗorewa. Tallafi yana da wa'adi, yawanci shekara biyu ko uku, kuma sauyin gwamnati yana iya sauya komai. A watan Afrilun 2025, a zango na biyu na mulkinsa, Shugaba Trump ya sa hannu a kan umarnin farfaɗo da kwal. Ranar 4 ga Yulin shekarar ya sa hannu a kan dokar da ta gajarta wa'adin rangwamen harajin sola da iska, ta yadda tashar da ba a fara gininta cikin wata 12 daga ranar ba, sai ta fara aiki kafin ƙarshen 2027 za ta samu. Rangwamen da ake yi wa mai gida idan ya kafa sola a rufinsa kuma aka tsayar da shi daga ƙarshen 2025. A watan Agusta kuma Hukumar Kare Muhalli ta sanar da soke shirin dala biliyan 7 na kai sola gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Masu kafa farantai a rufin gidaje, wato irin waɗanda aka horar a Bajiniya ta Yamma da kuɗin tallafin tarayya, suna cikin waɗanda waɗannan matakai suka fi shafa kai tsaye, domin rangwamen da aka janye shi ne ke rage wa mai gida kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin aikin da zai kira su su yi masa.